Ranar da Abednego Ya Ƙi Amsa Gaisuwa

Abednego ya ƙare ƙuruciyarsa yana gyaran layin dogo a Kafanchan. Da ya yi ritaya ya koma ƙauyensu, ya kuma daina zuwa coci. Sunan baftisma dai ya riƙe, ya ce ya saba amsawa.

Abin da ya gaskata ba shi da tsawo. Allah ne ya yi komai, amma yana can sama, ganinsa sai ka ce ganin gwamna. Kakanni kuwa suna kusa, a kurmin bayan gari, suna jin duk abin da ake faɗa. Rafi da mai shi, itace ma haka. Wanda ya mutu yakan huta a kurmi kafin ya dawo cikin jariri. In babu kurmi, ba shi da inda zai jira.

Sai ɗan ƙanensa ya sayar da kurmin ga wani mai noman citta. Abednego ya je wurin dagaci, ya je wurin kansila, kowa ya ba shi kujera da haƙuri. Aka ce ranar Litinin masu saran itace za su shiga.

Saura dabara ɗaya, wadda ya ji daga bakin kakansa: a ɗauki dutsen da ake zuba wa giya a tsakiyar kurmi, a kai shi sabon wuri, kakanni za su bi. Sai dai mai ɗauka ba ya ajiyewa a hanya, ba ya magana da kowa. In ya buɗe baki, nan za su sauka, ko a bakin kwata ne.

Kafin Litinin ta zo, ya shiga kurmi ya ɗauko dutsen, ya nufi gida. Hanyar gidansa ta ratsa kasuwa, ranar kuma kasuwa na ci. A garin nan wanda bai amsa gaisuwa ba, har jikokinsa sai sun sha gori.

"Baba, ina gajiya?" in ji Aloysius mai shagon magani. Abednego ya ci gaba da tafiya. "Ah ah! Ni ne fa, Aloy. Na yi laifi?"

"Ko dutsen ne ya danne masa harshe?" wata mai tumatir ta ce. Aka yi dariya.

Gumi ya jiƙa masa riga. Nan 'yarsa Paulina ta gan shi, tana dawowa daga taron zumuntar mata da ankon coci a jikinta.

"Baba, wannan abin naka zai kashe ka wata rana," ta ce. Ta dubi dutsen, ta dubi ƙafafunsa, sai ta shiga gabansa.

"Lafiya lau, yana amsawa. Babu gajiya. Gida lafiya, mun gode."

Haka ta yi ta raba amsa hagu da dama har bakin coci, inda suka yi kiciɓis da fasto.

"Paulina, kin san abin da kike yi wa rakiya?"

"Babana nake rakawa, Fasto. Ina wuni?"

A gindin ɗorawar bayan gida Abednego ya durƙusa ya sauke dutsen. Ya zuba burukutu, ya kira sunayen matattu ɗaya bayan ɗaya, ya ƙare da Milka, uwar Paulina.

"Mun iso," ya ce musu. "Wurin ba shi da faɗi, amma ba mai sayarwa."

Paulina ta tsaya daga nesa har ya gama, sannan ta kawo masa ruwa.