Kunyar Suruki da Muryar Ladan

Ku da kuka fara aikin nan bana, ku saurara. Har gobe ban manta da ranar Talatar da Malam Sule, ladanin wani ƙauye a Fakuwa ta ƙasar Kankia, ya shigo ƙaramin asibitin da nake aiki ba. Lokacin ni ne jami'in lafiya mai kula da wurin. Babu likita, ni ke duba marar lafiya, in abin ya fi ƙarfina in rubuta masa takarda zuwa babban asibiti.

Muryarsa ta dishe wata biyu, ba tari, ba zazzaɓi. Ƙa'idarmu a fili take: dishewar da ta wuce sati uku, a tura mutum wurin likitan maƙogwaro ya leƙa da na'ura. Na ɗauki biro ke nan, sai wanda ya rako shi ya yi gyaran murya. Wanzamin garin ne, kuma surukina, uban matata.

Ya ce, "Mi za ka rubuta? Belu ne ya sauko. Gobe in cire shi, jibi ya kira assalatu."

To ku gaya mini, wa ke musu da surukinsa a gaban mutane? Ni da ko ruwa ba na sha a gabansa! Na sunkuyar da kai na ce, "Haka ne, Baba." Na ajiye biro. Wallahi na san ba belu ba ne.

Aka cire belu, murya ba ta dawo ba. Malam Sule bai sake zuwa ba, don a ganinsa ma'aikacin lafiya ya riga ya amince. Ni kuma in na hango shi sai in sauya hanya. Bayan kaka aka kawo shi a kan babur, numfashi na fita da ƙyar yana ƙara. Muka sa shi a mota daga Kankia zuwa Katsina, na bi shi.

Likita ya ja ni gefe. Ya ce ƙari ne ya fito a inda murya ke fita, ba ciwon daji ba, irin wanda ba kasafai ake gani ba. "Da ya zo yana ƙarami, ta baki za mu cire shi. Yanzu sai mun tsaga wuya, kuma da wuya murya ta tsira. Wa ya fara ganinsa?"

"Ni ne, ranka ya daɗe."

Ya juya ya koma wurin Malam Sule.

Malam Sule ya rayu, amma mutumin da ya yi shekara talatin yana tashin gari salla ya koma sai raɗa. Da aka sallame shi ya tako har wurina da zabi biyu. Ya kama hannuna, ya matso da bakinsa kusa da kunnena ya ce, "Allah ya saka maka, kai ka kai ni." Da zagina ya yi, da ya fi mini sauƙi. Na shiga ɗakin magani na yi kuka.

Mutanenmu ba ƙin asibiti suke ba, fuskarmu suke kallo. In kun yi shiru, sun ɗauka kun yarda. Kunya ado ce a gida, amma a bakin aiki ku faɗi abin da kuka sani, ko wa ke tsaye. Ni na tsira da mutuncina a wurin surukina, Malam Sule kuwa bai sake kiran salla ba.