Ranar da Zomo Ya Haɗiye Dogara Wanzami

Idan ka shiga Ƙofar Kibo ka tambayi gidan Malam Dogara, manya za su nuna maka da hannu. In kuwa yaro ka tambaya, sai dai ka ga ƙeyarsa. Wanzami ne, ɗan wanzami, jikan wanzami. Shekara arba'in da ɗoriya yana rataye da zabira, kuma da wuya ka sami namijin da ya tashi a unguwar nan bai bi ta hannunsa ba. Shi ne askin suna, shi ne cire beli, shi ne kaciya. Manya suna yabonsa, wai hannunsa da sauƙi, in ya yi maka ƙaho ka miƙe sakayau. To, je ka gaya wa ɗan shekara shida wannan magana.

Iyaye mata ne suka ƙarasa shi, Allah ya yafe musu. Yaro ya ƙi tuwo, a ce bari a kira Wanzami. Ya ƙi wanka, a ce ga Wanzami nan a zaure. Har ta kai dodo ya rasa aikin yi a Ƙofar Kibo. Mutumin nan kuwa, wallahi ko kazar gidansa maƙwabci yake kai wa ya yanka masa. Kullum da alawa a aljihunsa, kullum ba mai karɓa, sai ta narke ta manne da riga, matarsa Inna Talatu ta yi ta mita a bakin wanki.

Duk wannan da sauƙi. Abin da ke cin ransa jikarsa ce Zakiyya, 'yar ɗansa Rilwanu, wadda suke gida ɗaya da ita. Sa'o'insa na zaune a ƙofar gida jikoki suna ja musu gemu, suna sace musu hula, ana wasan kaka da jika. Shi sau ɗaya ya gwada. Ya ce, “Amaryata, zo mana,” yarinya ta shige ƙarƙashin gado, sai da aka ɗaga katifa aka zaro ta. Tun da ta yi wayo ba ta taɓa riƙe hannunsa ba, kuma abin yana yi masa ciwo ƙwarai.

Da Zakiyya za ta cika shekara biyar, uwarta Sailuba ta ce sai an yi mata bazde irin wanda take gani a waya. Dogara bai san wani bazde ba. Shi dai an gaya masa da damina aka haife shi, iyakar abin da ya sani ke nan. Aka yi odar kek, aka soya cincin, aka cika bokiti biyu da zoɓo, aka kuma ɗauko hayar wani mutum daga Sabon Gari da zai shigo cikin kayan zomo ya yi wa yara rawa.

Ranar Asabar da hantsi Rilwanu ya zo ya durƙusa yana sosa ƙeya.

“Baba, ka kwana biyu ba ka leƙa abokinka Malam Jumare a Tukur-Tukur ba.”

Dogara ya gane. In yana gida, yaro ko ɗaya ba zai tako ba. Ya ce to. Amma bai iya tafiya ba, sai ya maƙale a ɗakin zaure ya turo ƙofa, ya ce ko dariyarta ce ya jiyo.

Bayan azahar yara wajen talatin suka cika tsakar gida. Zomo shiru. Kafin a ankara sun fasa balan-balan kaf, wani ya luma yatsa cikin kek, 'yan biyun maƙwabta suna dambe a kan hular takarda, Zakiyya kuma ta zauna cikin sabuwar rigarta tana kuka tana cewa ina zomonta. Can sai ga mai Keke ya sauke wani ƙaton buhu a zaure, ya ce mai zomo zazzaɓi ya kwantar da shi, amma ga zomon nan.

Rilwanu ya gwada shiga, tumbi ya ce bai san zancen ba. Sailuba ta ɗora hannu a ka. Sai ƙofar ɗakin zaure ta buɗe.

“Miƙo nan,” in ji Dogara.

“Baba! Ashe ba ka tafi ba?” in ji Rilwanu.

“Na ce miƙo nan.”

Dogo ne siriri, kayan suka hau shi cif. Zomo ne ruwan hoda, kunne kamar faifai, da haƙora biyu a waje. Dogara ya yarda ya tuɓe babbar riga, amma ya ce hula kam ba mai raba shi da ita, haka aka kifa masa kan zomo a kanta. Sailuba ta sunkuyar da kai, kunyar suruki ta kama ta, ta ce, “Baba, don girman Allah abu ɗaya: zomo ba ya magana.”

Ya yi bisimilla a zuci ya shiga.

Jama'a, abin da bai taɓa gani ba! Yara suka kwaso a guje, shi kuwa har ya matsa gefe don ya ba su hanya, a zatonsa gudun nan ne da ya saba. Ashe wurinsa suka nufo. Wannan ya rungume ƙafa, wancan ya kama wutsiya. Rawa ɗaya ya iya a duniya, rawar wanzamai da ake yi ranar naɗin Sarkin Aska, ita ya shiga takawa, yara suka bi bayansa layi guda suna kwaikwayo. Bazara ce, cikin zomon nan kamar tanda, ga warin gumin mai shi, amma ko a jikinsa.

Sai ga Zakiyya ta share hawaye ta zo ta kama hannun zomo. Ta ramin idon yake kallonta, yana gani ta riƙe, amma soso ne mai kauri kamar matashin kai, bai ji komai ba. Duk da haka ya yi kuka a ciki, hawaye da gumi suka haɗu.

Da an tashi a haka da shi ke nan. To, akwai wani yaro Ashiru, ɗan shekara bakwai, da ke ta tari tun ɗazu. Tari ne busasshe mai ƙaiƙayin maƙogwaro, irin wanda Dogara ke ganewa ko daga bayan katanga. Ya daure na farko. Ya daure na biyu. A na uku sana'a ta yi halinta. Zomo ya tsuguna irin tsugunon nan, ya sa kan yaro tsakanin gwiwoyinsa, ya ɗaga haɓarsa sama, ya ce da muryar da kowane yaro a Ƙofar Kibo ya sani:

“Buɗe baki mu gani. Ai kuwa beli ne. Ina uwar yaron nan?”

Tsit. Har mai yatsa cikin kek ya tsaya.

Ashiru ya leƙa cikin bakin zomo, ya hango gemu fari a can ciki. Ya ja da baya, ya juya ya dubi 'yan uwansa, ya ɗaga hannu biyu.

“Zomo ya haɗiye Wanzami!”

Kai, ka ji sowa! Yaran da aka ce za a yi musu kaciya a hutun ƙarshen shekara har da tsalle da birgima. Aka kewaye zomo ana tafi, ana tura masa cincin a baki don a yi masa godiya. Dogara yana tsugune a ciki yana sauraren murnar mutuwarsa, cincin yana zubo masa a wuya. Ya san ana tsoronsa, amma bai san abin ya kai nan ba.

Sai ya ji tim a gadon baya. Ya ƙara jin tim.

Zakiyya ce. Ta shiga madafa ta ɗauko muciyar Inna Talatu wadda ta fi ta tsayi, tana jibgar zomo tana kuka da majina.

“Amayo shi! Amayo min kakana! Mugu kawai! Kakana ne!”

Sailuba ta zo riƙe ta, ta fizge. Da muciya ta faɗi sai ta kama kunnen zomo da haƙori. Dogara ya sa hannu biyu ya tumɓuke kan zomo ya ajiye a ƙasa. Ga shi nan sharkaf, hula a karkace, cincin a gemu.

Kafin ka ce me, tsakar gida ta zama wayam. Wasu ta zaure, wasu ta kan turken awaki, takalma kuwa sai da aka cika kwando da su. Zakiyya kaɗai ta rage, tana haki tana kallonsa.

“Ya tauna ka?”

“A'a, amarya. Haɗiya kawai ya yi.”

Ta dubi hannun soson nan ta ce ya cire. Ya zare. Ta kama yatsunsa biyu da ɗan hannunta mai danƙon kek, ta ja shi da ƙarfi wai sai ya fito gaba ɗaya. Wannan karon ya ji.

Kada ka ce unguwa ta sauya. Tsoron ma ƙaruwa ya yi, don yanzu labarin da ke yawo a makarantar allo shi ne an haɗiye Wanzami ya fito da rai, har ya cire wa zomon kai da hannu. Yana nan da zabirarsa, yara suna nan da gudunsu. Sai dai kullum da safe in zai fita, Zakiyya ce ke raka shi zaure, muciya a hannu ɗaya, yatsunsa a ɗayan. Sai ta leƙa lungu dama da hagu ta tabbatar babu zomo, sannan ta sa hannu a aljihunsa ta ɗauki ladanta. Inna Talatu ta ce rabonta da kankare alawa a riga tun ranar.