Ranar da Yayana Ya Dawo Fari Fat

A unguwarmu ta Gure kowa da irin fatalwarsa. Innarmu ta tashi da wadda ba a ganinta sam, sai dai ka ji sanyi ya ratsa ka da tsakar rana. Maƙwabciyarmu, wata tsohuwa mai sayar da daddawa, tata doguwa ce kamar dabino, kuma ƙafarta ba ta taɓa ƙasa. Mu da muka taso da kallon bidiyo, tamu fara ce sol, ido zuru-zuru, tana tafe a hankali kamar mai ciwon baya. Ni da na yi lakwal, wato makarantar boko, har nake koyarwa, dariya nake yi musu duka, a baki dai.

Wata shekara yayana ya tafi arewa neman aiki. Aka daɗe ba labarinsa, sai wani direba ya kawo mana wayarsa da katin shaidarsa, ya ce an tsince su kusa da wata mota da ta ƙone a hamada. Aka yi zaman makoki, aka yi sadakar arba'in. Inna ta rame ta lalace, kullum tana zaune a bakin ɗakinsa. Wallahi na ji tsoron za mu rasa ta ita ma.

Ashe sace masa kayan aka yi tun a hanya. Yana can yana aikin gini, shi kaɗai ne bai san ya mutu ba. Da zai dawo, guzurinsa ya ƙare a Gidigir, sai ya hau bayan kamiyo, babbar motar dakon kanwa, ya zauna a kan buhuna. Kafin ya sauka, garin kanwa ya rufe shi tun daga gashin kai har yatsun ƙafa.

Ina wanki bayan azahar na ji ihu a waje. Na leƙa, sai ga abu fari fat tsaye a ƙofar gidanmu, ido jajur, yana sallama da muryar yayana. Duk karatuna ya gudu ya bar ni. Ban san lokacin da na tsallake bahon wanki na maƙale a bayan rumbu ba.

"Wai me ya same ku?" in ji shi. "Ni ne fa! Ku ba ni ruwa, maƙogwarona ya bushe."

Ba wanda ya motsa. Malamin unguwa ya ce matacce ba ya dawowa, aljani ne ya ari kamarsa, kada kowa ya firgita. Daga bayan katanga yake faɗin haka. Mai daddawa ta ce a dubi ƙafarsa. Aka duba, ga ta daram a ƙasa cikin silifa.

"To, ta zamani ce," in ji ta, ta ƙara ja da baya.

Yayana ya dube mu ɗaya bayan ɗaya, fuskarsa ta sauya. A nan tausayinsa ya kama ni, amma na ci gaba da maƙalewa a bayan rumbu.

Sai Inna ta fito, tana dafa bango. Na yi wuf na riƙe zanenta.

"Inna, don Allah kar ki je. Bari malam ya yi addu'a tukuna."

"Sake ni," ta ce. "Tun ranar da aka kawo wayar nan nake roƙon Allah ya nuna mini shi ko a mafarki. Ko fatalwa ce, tawa ce."

Ta ƙarasa gabansa, ta kama kunnensa ta sunkuyo da kansa kamar yana ɗan shekara biyar. Ta sa bakin mayafinta tana goge masa fuska, tana kuka tana yi masa faɗa, har baƙar fatarsa ta fito.