Wuƙar Malam da Ciyawar Bayan Gidanmu

Bana shekara ashirin da bakwai ke nan da rasuwar maigidana, Malam Habu, kuma har yau ban san inda kabarinsa yake ba. A London aka binne shi, amma a gidanmu mata ba sa zuwa maƙabarta, ni ma ban je ba. Abin da ya rage mini nasa shi ne ɗan filin ciyawa da ke bayan gidanmu na Plumstead, wanda bai fi shimfiɗar tabarmi kaɗan ba.

Mun tare a gidan a farkon shekarun tamanin. Malam ɗan manoma ne, har fartanya ya ƙunso a akwati daga Funtuwa. Da ya ga filin bayan gidan kore shar da ciyawa, sai ransa ya ɓaci, wai mutanen da suka tashi ƙazamai ne. Ranar wata Asabar ya duƙa ya kankare filin tas, ni kuma na bi da tsintsiya, muka tsaya muna yaba tsakar gidanmu. Maƙwabcinmu, wani tsohon Bature, ya leƙo ta katanga ya dafe kai. Ashe a nan ciyawar shuka ta ake yi, ana ririta ta kamar jariri. Da ruwa ya sauka, wurin ya zama taɓo, na yi ta yi wa Malam tsiya har ya daina kula ni.

Tsohon ne ya ba shi iri, ya nuna masa cewa siririyar ciyawa ita ake so, mai faɗin ganye da rawayar fure ita ce abokiyar gaba. Ya kawo masa maganin feshi da ke kashe mai faɗin ganye ya bar sauran. Malam ya yi godiya, ya ajiye kwalbar.

"Binta, a nan yara ke birgima, a nan nake shimfiɗa darduma," in ji shi. "Ba zan zuba poison ba."

Sai ya koma ga wata tsohuwar wuƙar kicin ɗina. Yakan jira ƙasa ta jiƙe, ya soka wuƙar a gefen tsiron, ya zaro saiwar sukutum, doguwa kamar karas. In ta tsinke, ya ce ta ci bulus, za ta dawo. Ramin da ya bari yakan barbaɗa masa iri ya danne da babban yatsa. Ba ya aske ciyawar ƙwal, wai in ta yi kauri ita da kanta take hana baƙuwar numfashi. Mutumin da kullum yake cewa baɗi za mu koma gida, shi ne ya shafe shekaru a durƙushe kan ƙasar Turawa.

A ƙarshen shekarun casa'in ciwo ya kwantar da shi. Daga taga yake kallon rawayar fure tana mamaye filinsa, abin yana cin ransa fiye da allurar asibiti. Na ɗauki wuƙar na fita, yana ƙwanƙwasa gilashi duk sanda na tsinke saiwa. Kafin sanyi ya shigo, ya tafi.

Tun daga nan ni nake yi, kuma in na durƙusa a wurin nakan yi masa addu'a. Yanzu gwiwoyina sun ƙi. Layinmu duk an shimfiɗa ciyawar roba, kore fes, ba tsutsa ba tsuntsu. Na san da Malam ya gani sai ya tambaya ko mutanen nan tabarma suke shukawa.

Watan jiya autanmu, Sadiku, ya zo. "Mama, na yi booking, za su sa miki ta roba. Ki huta."

Tausayi ne ya sa shi, na sani. Amma sai na ji kamar za a sake ɗauke mahaifinsa daga gidan. Ban yi niyyar kuka ba, ya zo da kansa. Na ce, "Ku kuna da kabarin da kuke zuwa. Ni nan ne nawa."

Ya fita waje da waya, na ji yana cewa a yi cancel. Da ya dawo ya buɗe aljihun kicin ya ɗauko wuƙar, ƙotarta duk ta cinye. Ya durƙusa da wandonsa na ofis, ya soka, ya ja da gaggawa, saiwar ta tsinke.

Ina tsaye a taga. Ban san lokacin da hannuna ya ƙwanƙwasa gilashin ba.