Ranar da ta kare uwar ɗan fari

Shekarata ta uku ina koyar da adabin Hausa a wata sakandare a Isa aka ba ni wata yarinya daga rugagen Turba. Zango biyu ban ji muryarta ba. Na yi lallashi, na yi faɗa, har tsokanarta na yi cewa ko ta bar harshenta a ruga ne. Sai ta yi murmushi ta sunkuyar da kai. Ni kuwa mutum ne mai gajen haƙuri, abin yana ci mini rai.

Shugaban makaranta ya sa ta a jerin waɗanda za su maimaita aji, wai ba ta fahimtar komai. Mahaifinta kuma ya riga ya ce in ta maimaita, karatu ya ƙare, ta koma tallan nono. Na roƙi shugaban ya shigo ajina sau ɗaya kafin ya sa hannu. Ya yarda, ya zo ya zauna a bayan aji.

Na zaɓi wani gajeren labari da na sha koyarwa. Wani makiyayi ne, ɗan fari, ya dawo gida bayan shekara bakwai, lokacin da fari ya sa aka sayar da kusan duk garken. Uwarsa ba ta ce masa sannu ba. Ta juya baya, ta tatso wata tsohuwar jar saniya, ta ajiye ƙwaryar a ƙofar bukka, ta wuce.

Aji ya kaure. Kowa ya san kunyar ɗan fari, amma suka ce wannan ta wuce gona da iri. Da gangan na goya musu baya, na ɗaga murya na ce uwar nan ba ta da zuciya a ƙirjinta.

"Malam, ba haka na ba."

Sai da na waiwaya neman mai maganar. Yarinyar nan ce a tsaye.

"An ce fari ya sa sunka saida shanu. To mi ya sa anka bar tsohuwa, wadda ba ta da nono sosai? Saniyar suna ta. Ita anka ba shi ranar da anka raɗa mai suna. Uwar ta hana a saida ta, shekara bakwai tana jiran shi."

Na karanta labarin nan ya fi a ƙirga, ban taɓa tambayar kaina dalilin barin saniyar ba. Ina tsaye da alli a hannu, yarinyar da na ɗauka ba ta bin darasi tana koya mini littafina.

Ta ƙara da cewa ita ma ɗiyar fari ce. Innarta ba ta taɓa kiran sunanta ba, amma kullum man shanun da ke cikin furarta ya fi na ƙannenta.

Shugaban ya tambaye ta a hankali, "Ɗiyata, kin taɓa hwaɗa mata kin gane?"

"A'a, Malam. In na hwaɗi, kunya za ta ji, sai ta bari."

Ya zaro takardar jerin daga aljihu, ya ɗora a kan gwiwarsa, ya soke sunanta a gabanmu.