Ranar da Na Cire wa Rediyon Malam Katanga

Ku matso kusa, ku ba ni kunnuwanku. Wannan ba tatsuniya ba ce, da ni aka yi, kuma har in koma ga Mahaliccina ba zan manta ba.

A shekarun da kuɗin mai suka shigo ƙasa, samari suka watse birane neman aiki, ɗana na fari ya tafi Kaduna. Shekara biyu ban sa shi a ido ba. Abin da ya aiko mana ƙauyenmu Ruwan Godiya rediyo ce, babba, mai rigar fata. Malam, maigidana, ya hana kowa taɓa ta.

Wata Laraba yana gona, na ga kyankyaso ya shige ta bayanta. Na ce a'a, ba a ɗakina ba. Na buɗe, na karkaɗe da gashin kaza. Can ciki sai ga wani ɗan murfin ƙarfe fari fat, a kife kan wasu 'yan tarkace. Ina taɓawa ya ɓalle. Ni a wautata, ado ne aka ɓoye inda ba mai gani. Lokacin kuwa duk abin da ke ƙyalli mace a jerenta take sa shi. Na buge shi ya miƙe, na huda, na ɗinke a tsakiyar faifai.

Da Malam ya kunna, sai rediyo ta kama fito, muryoyi biyu suna hawa kan juna. Kuma a ranar wani direba ya kawo saƙo: ɗanmu ya ce mu saurari shirin gaisuwa ran Juma'a bayan la'asar, zai yi magana da bakinsa. Na san ɓarnata ce, amma na ɓoye.

Ran Alhamis Malam ya ɗauko mai gyara daga Sheme. Suna zaure, ina laɓe bayan zana.

"Malam, wa ya cire mata katanga?"

"Katanga kuma? Rediyon gida ce?"

"Gida ce mana! Kowane ɗaki da maganarshi. Ƙarfen nan shi ke hana ta wannan ɗaki zuba cikin wancan, ya tare ta waje. Ko girmanshi ban sani ba. Sai na kai ta Funtuwa, sati guda."

Sati guda, Juma'a kuwa gobe! Na auna kunyata, na auna muryar ɗana. Na ja mayafi, na fito da faifai na ajiye gabansu.

Malam ya dubi faifai, ya dube ni. "Ke! Jiya fa na yaba faifan nan!"

Mai gyara ya yi dariya har hularsa ta faɗi. "Inna, kin iya ado, amma kin rushe mana gida. Akwai gwangwanin madara?"

Ya yanka gwangwanin daidai awon murfin, ya lanƙwasa, ya kife. Ya zafafa ƙarfensa a murhuna, ya liƙe da dalma ta kowane gefe, ya ce ko 'yar kafa aka bari magana za ta tsiyaya. Ya kunna. Fito ya ɗauke ɗif.

Ran Juma'a gida ya cika da maƙwabta. Sai ga muryar ɗana tar: "Ina gaida Inna da Baba a Ruwan Godiya. Ina nan tafe da Sallah." Na miƙe tsaye ina cewa, "Ina amsawa, ɗan nan! Kana cin abinci kuwa?" Mata suka yi ta dariya, ni ina hawaye.

Ɗana ya zo da Sallah, yanzu shi ma yana da jikoki. Mai gyara ya koma Ƙanƙara ya buɗe shago. Malam, Allah ya jiƙansa, har ya rasu in na doshi kayansa sai ya ce, "A dai bar mana katanga."

Ni kuwa na koyi abu biyu: abin da ban san aikinsa ba, ba na cewa ba shi da aiki. In kuma na yi ɓarna, nakan faɗa tun gyara yana yiwuwa.