Safiyar da Raelene ta buɗe bonet babu batir

Raelene Tuckwell ta shekara goma sha tara tana zagaya gidajen tsofaffi a Nimmitabel da gonakin da ke kewaye. Ta yi wa wannan wanka, ta ba wancan magani, ta zauna ta saurari labarin da ta riga ta haddace. A gonar tumaki aka haife ta. Ubanta askin tumaki yake bi gona-gona, uwarta kuwa ta rasu tana 'yar shekara goma sha huɗu, don haka tun da wuri ta iya fasa itace, ta iya hura murhu, ta kuma iya faɗa wa mutum gaskiya a fuskarsa. Ta yi aiki a gidan burodi har gwiwa ta fara yi mata gardama, sannan ta koma kula da tsofaffi. Mutane suna cewa tana da zafi. Ita kuwa cewa take yi duk wanda ya zauna da Merv shekara talatin da ɗaya bai yi zafi ba, a binciki lafiyarsa.

Merv mijinta ne, kuma duk garin babu wanda ake so kamarsa. Injin wankinka ya tsaya, Merv. Taraktarka ta ƙi tashi, Merv. Ƙofar ɗakin taro ta karkace, kafin a gama magana ya iso da sufana. Ba ya karɓar komai sai shayi da godiya. A gidansa kuwa, tagar banɗaki ta shekara uku da kwali a madadin gilas. Tsaninsu yana gidan wani, baronsu ya dawo ne kawai don tayarsa ta sace, akwatin kayan aikinsa kuma rabinsa ya watsu a gari. Tun watan Afrilu Raelene take cewa ya hau cikin silin ya naɗe bututun ruwa da soso kafin sanyi ya shigo. Soson yana nan a ledarsa bayan ƙofa.

Garejin gidan mota ɗaya yake ɗauka, kuma ba tata ba ce a ciki. Wata tsohuwar koriyar mota ce da Merv ya gada wurin mahaifinsa, a lulluɓe da bargo biyu, ba ta fita sai ranar baje kolin gari in rana ta yi kyau. Motar Raelene, wadda ake neman abinci da ita, a waje take kwana cikin raɓa.

Ranar wata Talata a watan Yuli, tsakiyar lokacin sanyi a ƙasar, ta tashi ƙarfe shida da rabi ta tarar Merv ya fice. Ta murɗa famfon kicin, ya yi tari sau biyu ya yi shiru. Ruwa ya daskare. Ta ɗauraye fuska da ragowar ruwan buta, ta zuba sauran a gilas ɗin mota, ta kankare ƙanƙarar da ta rage da murfin roba, yatsunta kamar ba nata ba. Ƙarfe takwas ya kamata ta kasance gidan Baba Zlatko, tsoho mai ciwon suga wanda hannunsa ke rawa, ba ya iya yi wa kansa allura, kuma ba ya karyawa sai an yi masa.

Ta murɗa makulli. Ko ƙyas. Fitila ɗaya ma ba ta kawo ba. Ta ce batir ne, an saba. Ta fito ta ɗaga bonet don ta taɓa kan wayoyin.

Babu batir. Wayoyi biyu ne kawai suke reto a gurbinsa.

Ta daɗe tana kallon wurin kafin ta ciro waya.

"Merv, kana ina?"

"Gidan Darcy. A-kori-kurarsa ce ta ƙi tashi, ga tumaki suna jiran ciyawa, kin san suna dab da haihuwa."

"Batirina fa?"

"Ai aro na yi. Kafin tara na mayar miki. Yau ba Talata ba ce? Ai hutu kike."

"Shekara biyu ke nan da aka mayar da hutuna Alhamis. Shekara biyu, Merv! Gida ɗaya muke kwana ko kuwa haya kake yi a wajena?"

"To yi haƙuri, wayoyin jona batir ne ban gani ba, ina jin suna wurin..."

"Suna wurin duk wanda ya ce maka sannu. Ka cire ka kawo yanzu."

"Ai Darcy ya riga ya shiga can ƙarshen gona da ita. Ki ɗan kira ofis mana su turo wata."

Wata daga garin Cooma, inda ofishin yake, a kan wannan titi mai santsi, sai dai ta iso goma. Raelene ta kashe wayar ba sallama. Ta shiga kicin ta ɗauko gwangwanin biskit ɗin da ke saman firji, inda Merv yake zaton babu wanda ya san yana ɓoye makulli. Ta buɗe gareji ta yaye bargunan ta watsar a ƙasa. Murɗawa ɗaya koriyar ta tashi, da wani irin gurnani mai daɗi, kamar wadda ta kwana a gaban murhu. Wannan ma ya ƙara mata haushi.

Motar tana da nauyi, sitiyarin kamar ana juya dutsen niƙa, tayoyinta kuma ba na sanyi ba ne. Ta tafi a hankali, hazo ya rufe kwari, ciyawa ta yi fari fat. A kwanar da ke gaban gadar katako bayan motar ya zame. Ba ta taka birki ba, ta san wannan tun tana yarinya, amma duk da haka sai da gefen motar ya goge jikin turken shinge, ƙiii, tun daga ƙofar baya har fitila. Ta tsaya, ta ja numfashi, ta ce, "Madalla," ta sa giya ta ci gaba.

Baba Zlatko yana bakin taga da rigar sanyi biyu. Tun yana saurayi ya zo ƙasar aikin gina madatsun ruwa, bai koma ba, kuma har yau bakinsa bai mutu ba. Da ya ga abin da ta fito daga ciki sai ya buɗe ƙofa da kansa.

"'Yata, Merv ya mutu ne?"

"Tukuna dai, Baba. Miƙo hannu in gwada sugan."

"Minti ashirin kin makara. Na ce yau yunwa za ta yi abin da duwatsu suka kasa."

"Ka kai ƙara wurin tumakin Darcy. Su suka fi ka gata."

Ta yi masa allura, ta dama masa kunun hatsi, ta ƙara itace a murhu, tana ba shi labari tana buga cokali. Ya yi dariya har ya sarƙe. Da za ta tafi ya leƙa ya ga ƙujewar, ya girgiza kai ya ce ta gaya wa Merv in yana neman wurin kuka, akwai kujera a nan.

Sai ƙarfe ɗaya ta dawo, bayan gida huɗu, motar ta yi dumu-dumu da taɓo har rufi. Merv yana tsaye a bakin gareji riƙe da bargo. Ya zagaya motar, ya durƙusa, ya bi ƙujewar da yatsa.

"Haba Raelene. Fentin asali ne fa. Babana bai taɓa..."

Ba ta tsaya ba, don tun daga tsakar gida ta ji ƙarar da ba ta gane ba. Ta tura ƙofar kicin. Rana ta narkar da ƙanƙarar, bututun ya fashe a cikin silin, ruwa yana zuba ta jikin fitila kamar an buɗe shawa. Tebur ya jiƙe, burodi ya zama kunu, takardun aikinta suna iyo, silin ya yi ciki ya sauko. Merv ya fi awa biyu a gida. Bai shiga ba. Yana gareji yana jimamin mota.

Ita ta kashe wuta, ita ta durƙusa a taɓo ta rufe babban famfo na bakin titi. Sannan ta hura tayar baro da famfon keke ta tura shi waje.

"Ina za ki da baro?"

"Ziyara."

Gida bakwai ta shiga ran nan. Ba ta zauna ko'ina ba, ba ta sha shayin kowa ba. Ta karɓo tsani, ta karɓo wayoyin batir, da fitilar narka dalma, da zarto, da sufanu a cikin bokitin wani da ya rantse nasa ne sai da ta nuna masa harafin Merv a jiki. A kowace ƙofa magana ɗaya take bari: Asabar ƙarfe takwas, gidanta, kowa da safar hannunsa. Darcy ta bari ƙarshe, shi da mota ta je masa, bayan ta ɗauki batirinta da Merv ya dawo da shi ta mayar da hannunta.

"Ke dai Raelene ba ki da wasa," in ji Darcy yana sosa ƙeya. "Asabar akwai ƙwallo fa."

"Shekara nawa mijina yana kwance ƙarƙashin motocinka, Darcy? Ka taɓa tambaya ko akwai ruwa a gidansa?"

"Ai bai taɓa faɗa ba."

"To ni na faɗa."

Kwana huɗu suna ɗebo ruwa a jarka daga maƙwabta. Merv bai yi magana sosai ba. Kunya ta ishe shi, ya ce ta tozarta shi a gari, mutum ba ya taimako don a biya shi. Ta ce ba biya ta nema ba, famfo ta nema.

Asabar mutum shida suka zo. Suka sauke silin da ya lalace, suka canza bututu, suka naɗe shi, wani ya tafi Cooma ya yanko gilas ɗin banɗaki. Raelene ta gasa musu tsiran nama da albasa, ta yi shayi buta uku. Abin da ya tsaya mata a rai shi ne, kowane ƙusa za a buga sai an juya an ce, "Merv, haka ne?" Shi kuwa ya warware, ya hau tsani yana ba da umarni kamar shi ya kira taron. Da za su tafi suka bi layi suna girgiza masa hannu, har wani yana cewa, "Mun gode da tsiran nan, Merv." Tana tsaye a wurin da faranti a hannu.

Da yamma ta zo wanke kwanuka ta murɗa famfon sanyi, ruwan zafi ya ƙona mata hannu. Darcy ya haɗa bututun a juye. Merv ya ce ba komai, ai sai a saba, ko kuma shi ya duba wani satin. Ba ta ko kalle shi ba.

Lahadi da safe ta kira Darcy. Ya ce yanzu haka yana loda ƙugiya zai tafi kamun kifi da surukinsa. Ta ce kifi ba ya gudu, kuma ta riga ta jingina masa tsani. Ƙarfe tara da kwata ya iso da hular kamun kifin a kansa. Ta tsaya a ƙasan tsanin riƙe da tocila har ya gama, ta gwada famfon sau uku a gabansa, sannan ta ce zai iya tafiya.